Gilashin da Babu Suna a Kansa

A makarantar koyon aikin lafiya inda 'Yar Malam take koyarwa akwai wata ɗabi'a da ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma duk malamin da ya zo sai ya tarar da ita tana jiransa. Ranar da za a fara darasin jini, malami ne yake fara huda yatsansa a gaban aji. Sai ya ɗiga nasa a kan ɗan siririn gilas, ya shafe shi kowa yana kallo, sannan yake da bakin cewa ɗalibai su miƙo nasu. Mahaifinta ne ya kafa wannan, tun zamanin da ɗakin gwajin ba shi da wani abin kirki sai tsofaffin madubai na ganin ƙwayoyin cuta, irin waɗanda sai an kai su bakin taga suke gani. Cewa yake yi ba zai nemi jinin ɗan wani ba alhali nasa yana nan a jikinsa bai rage komai ba.

Malam ya daɗe a ƙasa. Ita kanta yanzu furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, amma har gobe 'Yar Malam ake ce mata, har da yaran da ko hoton Malam ɗin ba su taɓa gani ba. Darasinsa ta gada, na ƙananan halittu da garkuwar jiki, a ɗakinsa, a kan dogon teburinsa da rini ya gama ɓata wa fuska. Ta kuma gaji huda yatsan. Sai dai rabi kawai take cikawa. Za ta goge yatsa da auduga, ta huda ba tare da ta ko ƙifta ido ba, ta ɗiga, ta ja jinin da gefen wani gilas ya kwanta siriri gwanin sha'awa, ta ɗaga kowa ya gani. Daga nan sai ta juya ta jefa shi tsulum cikin kwalbar ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Ba a rina shi, ba a duba shi. Ɗalibai sun ɗauka tsafta ce, don dama sun san ta da tsanani, mace ce da za ta iya mayar da kai gida a kan farce ɗaya da ba ka yanke ba. Tsoro ne, kuma a duk makarantar mutum ɗaya ne ya sani.

Mutumin shi ne Sarkin Gilas, dattijon da yake kula da ɗakin gwajin. Shi ke wanke gilasai, shi ke haɗa rini, shi ke jera madubai kafin aji ya shigo. Malam ne ya naɗa masa sarautar tun yana saurayi, ta bi shi har ta cinye sunansa na yanka. Ya san 'Yar Malam tun ana kawo ta ɗakin a ɗora ta kan kujera ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, shi ya sa ba ya jin tsoronta kamar sauran. Ita tana tsokanarsa da cewa ko ranar da za a yi masa wanka na ƙarshe, ruwan shuɗi zai fito saboda rinin da ya zauna a yatsunsa. Shi kuma yana ce mata ta girma da tsawo ne kawai, rigimar tana nan. Komai suna taɓawa a hirarsu ban da akwatin katakon da ke cikin kabad.

A cikin akwatin nan Malam yake ajiye gilasan koyarwarsa, kowanne a raminsa. Akwai na zazzaɓi, akwai na tarin fuka, akwai na tsutsar ciki, amma waɗanda suka yi suna su ne na wani jini da Malam yake kira mai yawan farare. Har daga wasu makarantu ake zuwa aro, don ba a taɓa ganin masu kyansu ba. Babu suna a kansu, babu lamba, sai ɗan ƙarzane a kusurwa. In an tambaye shi sai ya ce wani bawan Allah ne ya ba da sadaka don yara su koya.

Ita ma da su aka koya mata. A aji Malam take ce masa, sai an koma gida yake zama Baba. Ranar da aka ɗora mata gilashin, ta sa ido ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. A jinin mai lafiya, sai ka yi ta yawo cikin jajayen ƙwayoyi kafin ka ci karo da fari ɗaya, kamar mai neman ɗan'uwansa a kasuwa. A wannan kuwa fararen sun cika ko'ina, ƙanana, zagayayyu, rini ya mayar da su shuɗi mai duhu, wasu sun murje kamar an danna su da babban yatsa. Sojojin jiki ne, ga su birjik, amma babu na yaƙi a cikinsu. Tana rawar kai irin ta ɗaliba mai ƙoƙari ta ce sankarar jini ce, irin mai tafiya a hankali. Yana tsaye a bayan kafaɗarta ta hagu, ya ce daidai.

"Malam, mai wannan jinin zai daɗe kuwa?"

Ya yi gyaran murya. "Gyara hasken," ya ce, "kin cika shi da yawa."

Ita ta fi kowa maki a wannan darasi. Da yamma ta zauna tana ba Inna labari a gabansa, tana kwatanta murjajjun ƙwayoyin da hannu, tana cewa kowane ne mai jinin nan Allah ya ji ƙansa tun yana raye. Baba yana dariya yana cin abincinsa. Har ta kama hannunsa tana yi masa tsiya, wai mutumin da yake koya wa mutane hattara da gilas shi ne kullum gilas yake yanka, don ba a raba yatsunsa da filasta. Ya ce aikin ne ya gaji haka.

Sai bayan shekaru, da ciwo ya kayar da shi, likitan asibiti ya ja ta gefe ya nuna mata jininsa a madubi, tunda ita ma ta san aikin. Kallo ɗaya ta yi ta gane. Ba cutar kaɗai ta gane ba, jinin ta gane, kamar yadda ake gane rubutun wanda aka sani. Da ta titsiye Sarkin Gilas ya faɗa mata gaskiya. Ranar huda yatsa ce, a gaban aji, Malam ya duba nasa ya daɗe a kan madubin, sannan ya ɗago ya ce a kawo masa sababbin gilasai. Daga ranar duk gilashin da aka fasa ko ya koɗe, shi yake mayar da wani daga yatsansa.

Ba ta taɓa yi wa Baba maganar ba. A lokacin ya yi raunin da ba a yi wa mutum ƙorafi, sai dai a ɗaga kansa a ba shi ruwa. Haka ya tafi da maganar, ita ma ta zauna da tata. Ta ji haushinsa, kuma haushin bai tafi ba. Aji bayan aji sun san abin da ke cikin jikin mahaifinta, sun zana shi a takarda, sun ci jarrabawa da shi, ita da Inna suna gida suna yi masa faɗan ya rage aiki. Ya tsaya a bayanta ya bar ta ta karanta ajalinsa da bakinta, ya kuma ba ta maki a kai. Haushin mamaci ba abin faɗa wa kowa ba ne. Tana yi masa addu'a kullum, da zuciya ɗaya, tana kuma jin haushinsa da wannan zuciyar.

Tun daga nan ɗakin gwajin ya canza mata. Da zarar ta sunkuya ta sa ido a madubi, sai ta ji akwai mutum a bayan kafaɗarta ta hagu. Ba inuwa take gani ba, ba ta kuma jin an taɓa ta. Tsayuwa ce kawai, irin ta mai jiran ka ba da amsa, wani lokaci har da ɗan gyaran muryar nan. Ita ba mai camfi ba ce, aikinta ma shi ne nuna wa yara cewa abin da suke ɗora wa iska yawanci ƙwaya ce da ake iya gani in an rina ta. Ta ce famfo ne yake ƙara, ta sa aka gyara famfon. Ta ja teburinta ta mayar da bayanta jikin bango, ta yadda ko kyanwa ba za ta ratsa ba. Bai hana komai ba. Sai ta daina zama ita kaɗai a ɗakin, in Sarkin Gilas zai fita sai ta ƙirƙiro abin da za ta karɓo a ofis.

Gilasan Malam kuwa suka yi ta ƙarewa. Hannun ɗalibi ba ya raga wa gilas, wannan ya saki, wancan ya murɗo madubi ya danne har ya tsage. Yanzu guda ɗaya ya rage, shi ma launinsa ya fara koɗewa. Ita kaɗai take ɗora shi, ita kaɗai take saukewa, makullin kabad ɗin yana cikin jakarta. Shugaban sashe ya sayo babban allo mai haske da ake nuna hotunan jini daga kwamfuta, ya ce a bar akwatin ya huta. Ta karɓi allon da godiya, tana amfani da shi, amma ta ce masa yaron da bai taɓa neman ƙwaya da hannunsa ba, ranar da aka ba shi jinin mutum zai tsaya ne yana jiran hoto.

A bana ne jikinta ya fara yi mata wata magana. Matakalar da take hawa tana karanta takarda, yanzu sai ta tsaya a tsakiya kamar mai gyara takalmi. Takan farka ta tarar matashinta ya jiƙe da gumi ko da garin da sanyi. Sannan ga kaluluwa a gefen wuyanta, ƙarama, mai tauri, ba ta zafi. Ita da bakinta take koya wa ɗalibai cewa kaluluwa mai zafi faɗa take yi, alama ce jiki ya ga baƙo ya tashi tsaye, marar zafin ita ce abin bincike. Ta kuma san irin ciwon Baba yakan so dangi. Abin da ta yi da duk wannan ilimin shi ne ta ƙara naɗe mayafi a wuya. A gida su biyu suka rage, ita da Auta, sauran 'ya'yan kowa ya yi nasa gidan. Auta ta sha tambayarta me ya sa take ramewa, ita kuma ta ce aiki ne, da an yi hutu za ta murmure.

Ranar darasin jini ta zo da safe, rana ta cika ɗakin tar. Sababbin ɗalibai sun jeru cikin fararen riguna da ko karinsu bai baje ba, masu cika baki suna gaba, masu tsoron allura sun maƙale a baya. Ta yi musu gargaɗin da take yi duk shekara, cewa kowa ya rubuta lambarsa da fensir a gindin gilas kafin jini ya taɓa shi, don jinin da babu suna a kansa fitina ne. Sannan ta goge yatsa, ta huda, ta ɗiga, ta ja. Ya kwanta da kyau, wutsiyarsa siririya, hannun Malam sak. Ta ɗaga suka gani. Tana juyawa wajen kwalba sai ɗakin ya juya tare da ita. Ta dafe tebur da sauri, ta ajiye abin da ke hannunta a inda hannun ya sauka, ta jira bango ya tsaya wuri ɗaya. Don kada yara su lura, ta ce su ci gaba da Sarkin Gilas, za ta karɓo abu a ofis. Ta fita baranda ta jingina da ƙarfe tana shaƙar iska har jirin ya sake ta.

Da ta dawo an riga an rina, an wanke, an shanya, kowa ya duƙufa a kan madubinsa. Ɗakin ya kaure da surutu irin na mutanen da suka ga cikin jikinsu a karon farko. Wani dogo yana rantsuwa nasa jajayen sun fi na kowa ƙiba, na kusa da shi yana ce masa ai da ganin yadda yake cin abinci ba sai an duba ba. Ta bi layi tana gyara wa wannan zama, tana buge hannun wancan daga murɗa abin da bai sani ba. Har ta fara jin daɗin ranar.

Sai wata yarinya mai tabarau, wadda tun makon farko aka gane ba ta gajiya da tambaya, ta ɗaga hannu. Ta ce nata shafin ya yi kauri ya wanke a wurin rini, shi ne Baba Sarki ya ba ta wani da ya gani a kan mashanya babu mai shi.

"Amma Malama, kamar irin hoton da kika nuna mana a allo ne. Fararen sun yi yawa. Ko na cikin akwatin nan ne da ake faɗa?"

Ran 'Yar Malam ya ɓaci nan take. Ta juya tana neman Sarkin Gilas da ido, tana shirin tambayarsa wa ya ba shi izinin taɓa akwatin. Sai ta tuna makullin yana jakarta. Ta je ta ɗauko, ta buɗe kabad, ta ɗaga murfin akwatin. Gilashin Malam yana nan a raminsa, da ɗan ƙarzanensa a kusurwa, babu wanda ya taɓa shi. Ta daɗe tana kallonsa.

Ta dawo ta ce wa yarinyar ta matsa. Ta sa ido. Ga su nan birjik, ƙanana, zagayayyu, ga murjajjun a tsakaninsu. Ba su kai na akwati yawa ba, amma su ne. Kuma launin sabo ne fil, na rinin da aka haɗa yau da safe. Ta zare gilashin ta duba gindinsa, babu lamba.

Abin da ya fara zuwa mata a rai ba mai kyau ba ne. Fata ta yi a ce wani ɗalibi ne ya manta bai rubuta lambarsa ba. Ta dubi yaran nan, 'ya'yan mutane, waɗanda ko gemun kirki wasu ba su yi ba, ta kama kanta tana zaɓen wanda za ta ɗora wa. Kunya ta rufe ta har ta ji kamar ta nutse. Duk da haka dole a bincika, don in na yaro ne ba a kwana da shi. Ta ce kowa ya zare gilashinsa ya ɗaga. Suka ɗaga, ta bi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa. Na mai tabarau da ya lalace yana cikin tire, shi ma da tasa. Ta waiwaya ta dubi kwalbar da take jefa nata duk shekara. Ruwan yana nan garau, babu komai a ciki.

Sarkin Gilas yana tsaye bakin famfo da tsumma a hannu. Idonsa ya yi rauni a 'yan shekarun nan, ya kwashe duk abin da ya gani a kan mashanya ne ya rina. Suka haɗa ido, ta ga ya gane, ta ga tsumman ya faɗi bai sunkuya ya ɗauka ba.

Yarinyar ba ta san me ake ciki ba. Ta mayar da gilashin da Malama ta ajiye, ta sake leƙawa, cike da murnar ita ce ta gano abu. Ba ta ɗago ba ta yi tambayar.

"Malama, mai wannan jinin zai daɗe kuwa?"

'Yar Malam tana tsaye a bayan kafaɗar yarinyar ta hagu. Ba ta san lokacin da ta koma wurin ba. Ta ji gyaran muryar nan, kusa fiye da kullum, sai daga baya ta gane daga maƙogwaronta ya fito.

"Gyara hasken," ta ce, "kin cika shi da yawa."

Yarinyar ta gyara. Ita kuwa ta tsaya da maganar a bakinta kamar ta tauna ƙasa. Shekara da shekaru tana juya waɗannan kalmomi, tana ganin taurin zuciya ne, ko girman kai irin na malamin da ya fi son darasinsa a kan iyalinsa. Ashe ba haka ba ne. Harshe ne yake neman mafaka, sai ya kama abin da ya saba faɗa. Wani abin da ya ƙara tsorata ta shi ne, a ƙarƙashin tsoron akwai wata murya ta malama zalla tana ce mata gilashin nan ya yi kyau, ya fi na akwati fitowa, a jera yaran kowa ya gani. Har ta buɗe baki za ta ce su yi layi. Sai ta miƙa hannu ta kashe fitilar madubin, ta zare gilashin, ta ce darasin yau ya ƙare, kowa ya wanke hannu.

Da ɗakin ya watse ta zauna ta miƙa wa Sarkin Gilas ɗaya hannun. Ita da take huda kanta ba ta ƙifta ido, yau ta kasa, shi ya huda mata. Ta shafa, ta ɗauki fensir ta rubuta sunanta cikakke a gindin gilashin, shi kuma ya rina. Suka zauna jiran ya bushe. Ta taga ana jiyo ɗalibai suna gardamar ƙwallo, wani yana ta danna hon a bakin ƙofar makaranta. Da ya bushe ta duba, ba ta ga wani sabon abu ba. Ta ɗauko na Baba ta ɗora a madubin da ke gefe, ta leƙa wannan ta leƙa wancan. Nasa ya koɗe, nata yana sheƙi, bambancin ke nan. Ta san sai asibiti sun yi nasu gwajin kafin a kira abin da sunansa, ta kuma san ciwo ne da akan daɗe ana tafiya da shi, yanzu ma akwai magungunan da babu su a zamanin Baba. Amma idonta ba baƙo ba ne a wannan jinin.

Ta ɗago ta ga Sarkin Gilas ya ajiye kwalin sababbin gilasai a gefenta. Ba ta ce ya kawo ba. Shi ma kamar bai san ya kawo ba, ya tsaya yana kallon kwalin, hawaye yana bin gemunsa. Ya ce ta yafe masa, tsufa ne ya sa ya rina abin da ba a ce ya rina ba. Ta ce masa babu abin yafewa, rini ba ya sa wa jini abin da babu. Sannan ta yi masa tambayar da ta riƙe tun rasuwar Baba, me ya sa marigayin bai faɗa musu ba.

"Ai kullum zai faɗa," in ji Sarkin Gilas. "Wallahi kullum. Ya ce bari ki gama jarrabawa. Kin gama, ya ce bari ki fara aiki hankalinki ya kwanta. Sai ga cikinki na fari, ya ce ba a ba mai ciki irin wannan labari. Ranar da duk ya ce mini yau zai faɗa, washegari sai ya shigo ya ce, Sarki, na ga suna dariya ne."

Tun tana jiran gilashin ya bushe ta riga ta gama tsara nata dalilan. Ba za ta tayar wa Auta da hankali ba sai asibiti sun tabbatar. In sun tabbatar, sai yarinyar ta gama karatun da ta sa a gaba. Manyan kuma kowa da ɗawainiyar gidansa, a bari sai an haɗu gaba ɗaya. Duk dalilai ne masu kyau, babu na banza a ciki, kuma ba ta ɗauki lokacin shan ruwa ba ta jera su. Tausayin Baba ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da aka fita da shi. Ta kifa kai a kan teburin nan mai dabbare-dabbaren rini ta yi kuka sosai, dattijon yana tsaye bai hana ta ba.

Da ta share fuska ta mayar da gilashin Baba raminsa, ta kulle kabad. Ta tura kwalin sababbin gilasan gefe, ta ce ya ajiye, za a yi na koyarwa da jininta, yara suna bukata, amma ba su za su fara sani ba. Ta naɗe nata mai suna a takarda ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta tsaya ta waiwayi ɗakin, madubai a jere an lulluɓe su, rana a kan tebur. Ta saurara ko za ta ji wani abu. Famfo ne kawai yake ɗiga.

Ta isa gida da sauran rana. Auta tana tsakar gida tana kwashe shanya, kaya a kafaɗa, abin maƙale kaya a baki, tana 'yar waƙarta. Ta yi mamakin dawowar da wuri, ta fara tsokana, wai yau ɗalibai sun huta da masifa, ko dai an kori Malama ne. Tana dariya, dariyar nan tata mai cika gida. Ta zo karɓar jaka sai ta kama hannun uwar ta juya shi, ta kama ɗayan ma.

"Umma, yau har biyu? Ke da kike koya wa mutane hattara da gilas?"

Amsar tana nan a shirye, an gada, ba sai an nema ba. Aikin ne ya gaji haka. Yarinyar za ta yi dariya, a shiga ciki a ci abinci, gobe ma rana ce. 'Yar Malam ta dubi fuskar 'yarta, ta ga yadda dariyar ta yi mata kyau, ta gane sarai abin da Baba yake gani duk yamma in ya shigo gida. Ta ji kalmomin sun hau harshenta, ta danne su.

"Ba gilas ba ne," ta ce. "Ajiye kayan nan, Auta. Ɗauko mana tabarma, ki kira yayyenki a waya su ma su ji. Akwai abin da na gani yau a jinina."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Auta a hankali, uwar tana kallo ba ta kawar da kai ba. Kayan shanyar suka zame daga kafaɗarta suka zube ƙasa, babu wadda ta duba su. Ba ta je ɗauko tabarmar ba. A nan bakin ƙofa suka zauna, a kan siminti, Auta tana riƙe da yatsun nan biyu masu filasta, uwar ta buɗe jaka ta fara warware takardar.